Shari'ar Kwanson Tawada

A ranar 30 ga watan Mayu na shekarar 2017 Kotun Ƙoli ta ƙasar Amurka ta yanke hukunci a kan wata ƙara tsakanin Lexmark, babban kamfani mai ƙera injunan buga takardu, da wani ƙaramin kamfani na jihar West Virginia mai suna Impression Products. Abin da ya kai su gaban alƙalai kuwa shi ne wani baƙin kwanso na roba wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, irin wanda masinja kan zare daga cikin firinta in tawada ta ƙare, ya jefa a kwandon shara ko ya kai sito. Ma'aikatan ofis na kiran wannan kwanso katirij, garin tawadar da ke cikinsa kuma suna ce masa tona.

Ko da yake kwanson ƙarami ne, tambayar da ya ɗauko babba ce, kuma ta shafi kowane ofis da makaranta da asibiti da ke buga takarda. In mutum ya sayi abu da kuɗinsa, ya yi amfani da shi har ya ƙare, shin yana da ikon ya gyara shi, ya sake cika shi, ya sayar wa wani, ko kuwa maƙerin yana da sauran ta cewa? Kafin a fahimci yadda wannan tambaya ta kai ga kotu, tilas ne a koma baya kusan shekara tamanin, a ga inda garin tawadar ya samo asali.

Rubutu ba da ruwa ba

Chester Carlson, wanda aka haifa a birnin Seattle cikin 1906, ya taso cikin talauci, ya yi karatun kimiyya, sa'an nan ya sami aiki a New York, a sashen wani kamfani mai kula da takardun mallakar ƙirƙira. Aikin nan yana bukatar kwafi mai yawa na kowace takarda da kowane zane. A zamanin kuwa hanyoyin da ake da su duka masu wahala ne: ko a sa takardar kabon a keken rubutu, ko a ɗauki hoto a wanke da ruwan magani, ko kuma a zauna a kwafa da hannu. Gajiyar wannan aiki ce ta sa Carlson ya shiga neman wata hanya.

A ranar 22 ga watan Oktoba na 1938, a wani ɗaki da ya kama haya a unguwar Astoria, shi da mataimakinsa Otto Kornei, wani masanin kimiyya da ya yi ƙaura daga Ostiriya, suka yi gwajin da ya ci nasara. Sun shafa farar wuta a kan farantin tutiya, suka goge shi da hankici cikin duhu har ya ɗauki irin lantarkin nan da ke sa mataji ya ɗaga guntayen takarda in an goga shi a gashi. Daga nan suka ɗora gilashi mai ɗauke da rubutu, suka haska fitila. Duk inda haske ya taɓa sai lantarkin ya gudu, inda rubutu ya kāre kuwa ya zauna. Da suka barbaɗa wani gari mai laushi suka hure, sai garin ya manne a wurin rubutun kaɗai. Abin da ya fito shi ne kwanan watan da sunan unguwar.

Kamfanoni fiye da ashirin suka ƙi karɓar wannan dabara, cikinsu har da IBM da General Electric. Sai cikin 1944 cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohio ta yarda ta sa hannu, daga baya kuma wani kamfanin takardar hoto na birnin Rochester mai suna Haloid ya sami izinin ƙera injin. Aka raɗa wa dabarar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar busasshen rubutu, kuma daga nan ne sunan Xerox ya fito, wanda kamfanin ya koma amsawa a 1961.

Injin da ya ɗaukaka kamfanin shi ne Xerox 914, wanda aka nuna wa jama'a cikin 1959. Nauyinsa ya kusa kilo 300, kuma yakan yi zafi har takarda ta kama wuta, shi ya sa ake haɗa shi da ƙaramin abin kashe gobara. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi cinikinsa. Maimakon a sayar, sai aka riƙa ba da shi haya a kan dala 95 a wata, tare da kwafi 2,000 kyauta, duk shafin da ya ƙaru kuma a biya santi 4. Tun daga ranar masu wannan sana'a suka gane cewa ribar tana cikin shafukan da za a yi ta bugawa shekara da shekaru, injin kuwa ƙofa ce kawai ta shiga ofis.

Yadda aka ƙirƙiro abin jefarwa

Injunan farko suna bukatar makanike a kai a kai. Shi ne zai zo ya share gangar da ke ɗaukar hoto, ya gyara abin da ya goce, ya kwashe garin da ya zube. Babban kamfani zai iya ɗaukar wannan nauyi, amma lauya mai ɗaki ɗaya ko ɗan kasuwa mai akawu biyu ba zai iya ba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Canon na Japan ya ƙudura ƙera ƙaramin injin fotokwafi domin irin waɗannan mutane. Injiniyoyinsa suka lura cewa mafi yawan lalacewa daga gangar take tasowa da sassan da ke kewaye da ita. Saboda haka suka yanke shawarar tattara gangar da garin tawada da abin shara a cikin kwanso guda, wanda mai injin zai zare da hannunsa ya sa sabo.

Abin da ya rage shi ne yadda za a ƙera ganga mai arahar da za a iya jefarwa. Ana ba da labari cewa shugaban ayarin, Hiroshi Tanaka, yana riƙe da gwangwanin giya na alminiyam wata rana sai ya tambayi abokan aikinsa nawa ake kashewa wajen yin irinsa, kuma daga nan suka kama hanyar yin ganga mara nauyi da alminiyam. Cikin 1982 Canon ya fito da injunan PC-10 da PC-20, waɗanda su ne na farko masu irin wannan kwanso.

A ɗaya gefen kuma, wani injiniyan Xerox mai suna Gary Starkweather ya riga ya nuna tun 1971 cewa ana iya zana rubutu a kan gangar da hasken leza kai tsaye daga kwamfuta, ba sai an ɗora wata takarda ba. Canon ya haɗa dabarun biyu wuri guda, ya sayar wa wasu kamfanoni zuciyar injin. Cikin 1984 kamfanin Hewlett-Packard, watau HP, ya fito da LaserJet a kan dala 3,495, yana buga shafi takwas a minti. A shekarar da ta biyo baya Apple ya fito da nasa, LaserWriter, shi ma da zuciyar Canon. Kwanso ɗaya na waɗannan injuna yakan buga kimanin shafi 3,000.

Garin da ke ciki roba ce da aka niƙa ta yi laushi fiye da garin alkama, aka gauraya ta da baƙin launi da ɗan kaki. Ganga ta ɗauke shi ta ɗora a takarda, sa'an nan takardar ta bi ta tsakanin wasu naɗi biyu masu zafin da kan kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. Wannan ne dalilin da takarda kan fito da ɗumi. To, a nan ne matsalar take. Garin yakan ƙare alhali jikin kwanson da haƙoran da ke juya shi da sandunan ƙarfensa suna nan lafiya lau. Watau abin da aka ƙera domin sauƙaƙa wa mai ofis ya zama abin da ake jefarwa da sauran ƙarfinsa.

Kamfanonin ba su ga aibin haka ba, domin da farashin injuna ya yi ta sauka, kwanson ne ya zama madogararsu. Dabarar tsohuwa ce. A farkon ƙarni na 20 kamfanin mai na Standard Oil ya riƙa baza fitilu masu araha a ƙasar Sin, don ya san duk wanda ya kunna fitila zai dawo neman kananzir. Haka aka yi da firinta: a sauƙaƙa kuɗin injin, a fanshe a tawada.

Masu huji da masu gyara

Ba a daɗe da fitowar LaserJet ba sai wasu masu ƙaramin jari a Amurka suka gano cewa ana iya huda kwanson da ya ƙare, a ɗura sabon gari, a toshe ramin, a sayar da rahusa mai yawa. Yawancinsu a garejin gida suke aikin. Sana'ar ta bazu da sauri, sunanta kuma ya ɓaci da sauri. Dalili kuwa, a cikin kwanson akwai wani ɗan aljihu da ke tara ragowar garin da aka share daga ganga. Mai huji ba ya kwashe shi, ba ya sauya gangar da ta gaji, ba ya duba bakin robar da ke share ta. Sakamakon haka sai takardu su fito da baƙin layi daga sama har ƙasa, ko garin ya tsiyaye cikin injin. Akawu da yawa da suka gwada sau ɗaya sun rantse ba za su ƙara ba, suna cewa araha ba ta ado.

Amma daga cikin masu hujin nan aka sami waɗanda suka koyi aikin sosai. Su sukan warware kwanson gaba ɗaya, su share shi, su zubar da tsohon gari, su sa sabuwar ganga da sabon bakin shara, su duba sandar da ke ba ganga lantarki da wadda ke ɗauko gari, su zuba garin da ya dace da wannan injin bisa awo, su liƙe, su gwada bugu kafin su sa a kwali. Kamfanoni suka taso musamman domin sayar musu da waɗannan sassa. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Static Control Components na garin Sanford a jihar North Carolina, wanda aka kafa a shekarun 1980. Ta haka gyaran kwanso ya tashi daga aikin gareji ya zama masana'anta mai ma'aikata da ƙa'idojin gwaji.

Maƙeran injuna ba su zauna ba. Cikin 1990 Canon ya soma karɓar kwansunan da suka ƙare daga hannun masu saye, a 1991 kuma ya fara sarrafa su a masana'antarsa ta birnin Dalian a ƙasar Sin. A wannan shekarar ce HP ya buɗe nasa shirin mai suna Planet Partners. Shirye-shiryen nan sun hana roba da ƙarfe masu ɗimbin yawa zuwa juji, wannan gaskiya ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin sake amfani da abu da narkar da shi. HP, alal misali, a wancan lokaci ba ya sake cika kwanson da aka mayar masa: farfasa shi ya riƙa yi, ya ware roba da ƙarfe domin yin sabon kaya. Ga kamfanin kuwa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin duk kwanson da ya koma hannunsa ya kuɓuce wa masu gyara ke nan.

Gwamnatoci kuwa sun fi karkata ga gyara. Cikin 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan umurnin da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya fifita kayan da aka sake sarrafawa, a 1995 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa kwanson tona cikin jerin kayan da umurnin ya shafa. A Turai ma, dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ta jera matakai, ta sa sake amfani da abu a gaba da narkar da shi. Hujjar a fili take: kwanson da aka gyara ya riga ya ci kuɗin ƙira da wuta da man da aka yi robarsa sau ɗaya, ba sai an sake kashe su ba.

Kwali mai sharaɗi da ƙwaya mai kulle

Kamfanin da ya fi kowa zafi a wannan gwagwarmaya shi ne Lexmark na birnin Lexington a jihar Kentucky, wanda ya ɓalle daga IBM cikin 1991. A ƙarshen shekarun 1990 ya fito da wata dabara. Ya riƙa sayar da kwanso iri biyu, ɗaya a cikakken farashi ba tare da sharaɗi ba, ɗayan kuma da rangwame na kusan kashi 20 cikin ɗari, amma an rubuta a jikin kwalinsa cewa duk wanda ya buɗe ya yarda zai yi amfani da shi sau ɗaya tak, ya mayar wa Lexmark. Ƙungiyar masu gyara ta jihar Arizona ta kai ƙara, amma cikin 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce buɗe kwalin daidai yake da ƙulla yarjejeniya.

Rubutu a kwali bai hana ofisoshi miƙa kwansunansu ga masu gyara ba, saboda haka Lexmark ya ƙara da kulle. Ya manna wa kowane kwanso wata 'yar ƙwayar lantarki, wadda makanikai ke kira cif. Ita ce ke gaisawa da injin, in injin bai gane ta ba sai ya ƙi bugawa. Cikin 2002 Static Control ya ƙera tasa ƙwayar mai iya wannan gaisuwa, ya shiga sayar wa masu gyara. A watan Disamba na shekarar Lexmark ya maka shi a kotu, yana dogaro da wata doka ta 1998 da aka yi domin hana satar waƙoƙi da finafinai ta hanyar karya makullansu na lantarki. Hujjarsa ita ce a cikin ƙwayar akwai manhaja wadda shi ya rubuta. Manhajar kuwa ƙanƙanuwa ce ainun: ta wani samfurin bayit 37 ce, ta wani kuma 55, watau ba ta kai tsawon layi ɗaya na rubutu ba.

Kotun farko ta dakatar da Static Control a 2003, amma cikin watan Oktoba na 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umurni. Alƙalan suka ga cewa manhajar aikin mabuɗi take yi, kuma dokar kare marubuta da mawaƙa ba a yi ta domin kamfani ya toshe wa abokan gasarsa hanya ba. Static Control shi ma ya mai da martani da tasa ƙarar, yana zargin Lexmark da aika wa masu gyara wasiƙun da suka ɓata masa suna. Cikin 2014 Kotun Ƙoli, ba tare da wani alƙali ya saɓa ba, ta ce yana da hurumin shigar da wannan ƙara.

Makamin da ya rage wa Lexmark shi ne takardun mallakar ƙirƙira. Cikin 2010 ya shigar da ƙarar da ta haɗa masu sayar da gyararrun kwansuna da dama. Ɗaya bayan ɗaya suka janye ko suka sasanta, har ya rage Impression Products kaɗai. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Lexmark gaskiya, amma a shekarar da ta biyo baya Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Babban Joji John Roberts, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce da zarar mai ƙirƙira ya sayar da abu ya karɓi kuɗinsa, to haƙƙinsa na ƙirƙira a kan wannan abin ya ƙare, ko a Amurka aka yi cinikin ko a waje. In akwai yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya saya, yana iya bin wannan mutum da ita, amma ba zai bi kayan hannu zuwa hannu yana tuhumar duk wanda ya taɓa su ba.

Roberts ya kawo misalin garejin da ke gyara tsofaffin motoci yana sayarwa. A cikin mota ɗaya akwai sassa dubbai, kowanne da maƙerinsa. Da a ce kowane maƙeri zai iya gindaya sharaɗin da zai bi sashensa har abada, da babu makaniken da zai iya kwance ƙusa ba tare da fargabar sammaci ba. Ya kuma koma ga wani tsohon masanin shari'a na Ingila, Edward Coke, wanda tun 1628 ya bayyana cewa in mutum ya sayar da abu ɗungurungum, sa'an nan ya hana mai saye sayar da shi gaba, sharaɗin banza ne, domin yana daƙile ciniki. Alƙalai takwas da suka zauna duk sun yarda a kan kayan da aka sayar cikin gida, a kan na waje kuwa Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ce kaɗai ta saɓa.

Ya kamata a sani cewa wannan hukunci na Amurka ne, kuma kowace ƙasa da inda ta ja nata layin tsakanin gyara abu da sake ƙera shi. A Japan, cikin 2007, Kotun Ƙoli ta ba Canon gaskiya a kan kamfanin Recycle Assist, wanda ke shigo da kwansunan tawada ta ruwa da aka huda aka sake cikawa. Kotun ta ga cewa aikin da aka yi musu ya wuce gyara, ya kai ga sake ƙera abin da Canon ke da mallakarsa.

Reshe ya juye da mujiya

Masu gyara sun ci nasara a kotu a daidai lokacin da kasuwa ke kufce musu, kuma wanda ya karɓe ta ba maƙerin injin ba ne. A birnin Zhuhai da ke kudancin ƙasar Sin masana'antu suka ƙware wajen ƙera sabon kwanso na kwaikwayo daga tushe, wanda ke shiga injin HP ko Canon ko Brother, a farashin da mai gyara ba zai iya sauka gare shi ba, tun da shi sai ya nemo tsohon kwanso, ya biya lebura ya warware shi da hannu. Irin wannan kwanson kwaikwayo galibi sau ɗaya ake amfani da shi. Maƙeran injuna ba sa karɓarsa a shirye-shiryensu, masu gyara ma ba su cika so ba, saboda haka juji ne makomarsa.

Daga wannan birni na Zhuhai ne kamfanin Apex Technology, na rukunin Ninestar, ya sayi Static Control cikin 2015. A 2016 kuma shi da abokan jarinsa suka sayi Lexmark ɗin kansa a kan dala biliyan 3.6. Watau a ranar da Kotun Ƙoli ke yanke hukunci, mai kulle da mai yanka mabuɗi, waɗanda suka shafe shekara goma sha biyu suna shari'a, sun riga sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Cikin 2025 Lexmark ya sake sauya hannu, Xerox ya saye shi a kan dala biliyan 1.5, ya koma ke nan gidan da dabarar Carlson ta girma.

Kullen ma ya sauya kama. Da injuna suka hau intanet, kamfani na iya aiko da sabuwar manhaja daga nesa wadda za ta sa injin ya daina karɓar kwanson da yake karɓa jiya. A watan Satumba na 2016 masu wasu injunan HP na tawadar ruwa suka wayi gari injunansu sun ƙi kwansunan da ba su da ƙwayar HP. Kamfanin ya ba da haƙuri game da rashin bayani, ya kuma ce manufarsa kare inganci ce da tsaron injin. A watan Disamba na 2020 hukumar kula da gasa ta Italiya ta ci HP tarar yuro miliyan 10 saboda bai bayyana wa masu saye wannan iyaka yadda ya kamata ba. A farkon 2022 kuma, lokacin da duniya ke fama da ƙarancin ƙwayoyin lantarki, Canon ya rasa waɗanda zai manna wa wasu kwansunansa, har ya buga wa abokan cinikinsa bayanin yadda za su tsallake gargaɗin da injinsa ke yi wa kwanso mara ƙwaya.

Wasu ƙasashe sun bi ta aljihun gwamnati domin raya sana'ar gyara. Faransa ta zartar da dokar yaƙi da almubazzaranci cikin 2020, a 2021 kuma aka fitar da ƙa'idar da ta ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da ma'aikatun gwamnati ke kashewa a kan kwansunan tawada ya tafi ga waɗanda aka sake amfani da su.

Abin da ya rage ga mai sayen kayan ofis

Wannan tarihi ya bar kaya iri huɗu a kasuwa, kuma jami'in sito da ya iya rarrabe su ya yi rabin aikinsa. Akwai sabon kwanso na maƙerin injin. Akwai gyararre, watau kwanson maƙerin da aka warware aka sabunta sassansa. Akwai sabon kwaikwayo, wanda ke ɗauke da sunan wanda ya yi shi. Sa'an nan akwai jabu, wanda aka sa a kwalin babban kamfani domin a yaudari mai saye. Na ƙarshen nan laifi ne a ko'ina. A biranen Afirka ta Yamma, daga Kano zuwa Kumasi zuwa Yamai, ana iya ƙara na biyar, wato makaniken da ke zuwa shagon fotokwafi da kwalbar gari ya cika kwanso a gaban mai shi. In ya kwashe tsohon gari ya duba ganga, aikin gyara yake yi. In ɗurawa kawai ya yi ya tafi, to halin masu hujin shekarun 1980 ne ya maimaita, kuma baƙin layin zai biyo baya.

Ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin shafi ɗaya. Tun 2004 akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 19752, wadda ta tsara yadda za a ƙirga shafukan da kwanson baƙar tawada ke bugawa, da takardar gwaji wadda rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin ɗari nata. A ɗauki misali: kwanson dala 100 mai buga shafi 2,500 ya tashi santi 4 kowane shafi, na dala 60 mai buga shafi 1,200 kuwa santi 5, watau mai arahar ya fi tsada. Mai gyaran kirki zai faɗi adadin shafukansa bisa wannan ƙa'ida, ya kuma ba da garanti. A Jamus akwai ma'aunin DIN 33870 da tambarin Blauer Engel domin gyararrun kwansuna. A Amurka kuma dokar garanti ta 1975 ta hana kamfani ya ce garantin kayan da ya sayar wa jama'a ya dogara ga amfani da tawadarsa kaɗai, ko da yake ba dole ba ne ya gyara ɓarnar da kwanson wani ya jawo.

Kwanson da ya ƙare shi ma kaya ne mai daraja, musamman wanda ba a taɓa cikawa ba, domin shi masu gyara suka fi nema. A mayar da shi cikin ledarsa da kwalinsa, kada a bar gangarsa a rana, don haske yana lalata ta. Kada a ƙona shi, domin roba ce. In gari ya zube a tufa, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da shi yake yi ya kama. Wanda ya fashe ko ya gaji da gyara, shi ne ya cancanci a miƙa wa masu narkarwa.

Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar wa mai saye cewa kwanson nasa ne, amma hukuncin bai hana kamfani sa kulle ba, bai kuma hana kwaikwayo mai araha cika kasuwa ba. Saboda haka makomar sana'ar gyara ta koma hannun waɗanda ke sa hannu a takardar oda: su ne za su tambayi mai kawo kaya wane iri ne cikin huɗun nan ya kawo, shafi nawa yake bugawa, kuma ina zai kai kwanson in ya ƙare.